Kifin Da Ke Turo Saƙo Daga Tsakiyar Teku: Yadda Na'urar Bin Sawunsa Ke Aiki Da Waɗanda Ke Biyan Kuɗinta

A bikin kamun kifi na Argungu na shekarar 2020, kifin da ya lashe gasar nauyinsa kilo 78 ne. A ranar 4 ga Agustan 1953 kuwa, a gaɓar Cabo Blanco ta ƙasar Peru, wani Ba'amurke mai suna Alfred Glassell ya kama kifi mai nauyin kilo 707 da sandar fatsa da zare. Sai an tara irin na Argungu guda tara kafin a kamo nauyinsa. Kifin shi ne baƙin marlin, mai dogon baki kamar mashi, kuma har yau ba a karya wannan tarihi ba a kundin IGFA, ƙungiyar da aka kafa a 1939 don tsara dokokin kamun manyan kifaye da ajiye tarihinsu.

Wasa ne na masu hali, wannan kam babu musu. Ana fita da jirgi mai tsada zuwa can cikin teku, a riƙa jan kifin roba na yaudara a bayan jirgin har marlin ko kifin tuna ya kai masa cafka, daga nan a shiga kokawa ta awa ɗaya ko awanni da yawa. A zamanin su Glassell, ƙarshen labarin shi ne a rataye kifin a gaɓa a ɗauki hoto. Yanzu a yawancin manyan gasanni sakin marlin ake yi bayan an jawo shi gefen jirgi, saboda yawansa ya ragu, har ƙungiyar IUCN ta sanya shuɗin marlin cikin halittun da ke fuskantar barazana.

Sakin ne ya haifar da tambayoyi biyu da suka daɗe suna damun masu wasan da masana kimiyya. Kifin da ya sha wannan kokawa yana rayuwa bayan an sake shi, ko dai nutsewa yake yi ya mutu inda ba a gani? In kuma ya rayu, ina yake zuwa? Wata 'yar na'ura mai nauyin kusan giram 60, wadda ba ta kai rabin nauyin wayar salula ba, ita ke amsa su.

Me ya sa ba za a maƙala masa GPS kawai ba?

Tambayar da duk mai waya zai fara yi ke nan. Matsala biyu ce a nan, kuma mutane kan haɗa su wuri ɗaya.

Ta farko, GPS saurare kawai yake yi. Taurarin ɗan Adam na GPS suna watso sigina daga nisan kusan kilomita 20,000, wayar ta saurari aƙalla huɗu daga cikinsu, ta lissafa inda take. Kafin siginar ta iso ƙasa ta riga ta yi rauni ƙwarai, ga shi ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki, don haka yana shanye ta tun a 'yan santimita na saman ruwa. Kifin da ke zurfin mita 100 ba zai taɓa jin ta ba.

Ta biyu, ko da na'urar ta san inda take, ta wace hanya za ta faɗa? Lokacin da mutum ya tura wa abokinsa wurin da yake ta WhatsApp, GPS ne ya gano wurin, amma turken sadarwa na kamfanin layi ne ya ɗauki saƙon. A tsakiyar Atlantika babu turke, babu layi, babu data.

Dabarar farko da aka yi ba ta da lantarki ko kaɗan. A 1954 wani masani mai suna Frank Mather na cibiyar nazarin teku ta Woods Hole a Amurka ya fara raba wa masu fatsa 'yar alama mai lamba. Mai fatsa ya soka ta a bayan kifin, ya cike kati da rana da wuri, ya aika. Idan wata rana wani ya sake kama kifin ya ga lambar, sai ya sanar. Da wannan aka gano cewa tuna da aka sa wa alama a gaɓar Amurka yana tsallakawa har gaɓar Faransa. Akwai ma wani shuɗin marlin da aka sa wa alama a gaɓar Delaware, bayan kusan shekara uku aka kama shi kusa da tsibirin Mauritius a tekun Indiya. Har yanzu ana amfani da wannan alama saboda araharta. Aibinta shi ne kaɗan ƙwarai ake sake kamawa, kuma wanda aka kama ɗin ma ɗigo biyu kawai yake bayarwa a taswira: inda aka sake shi da inda aka sake ganinsa. Kamar a ce an ga mutum ya bar Kano, bayan shekara uku aka gan shi a Kumasi. Ko ta Yamai ya bi ko ta Legas, ko ma ya je Makka ya dawo a tsakani, babu mai iya faɗa.

Na'urar da ke ɓalle kanta

A ƙarshen shekarun 1990 aka fara gwada sabuwar na'ura a jikin manyan tuna. Masana na taƙaita sunanta da PSAT. Siffarta kamar ƙaramar makirfo ce mai 'yar eriya a kai, kuma kamfanoni irin su Wildlife Computers da Microwave Telemetry ne suka yi suna wajen ƙera ta. Ana ɗaure ta da gajeren zare mai ƙarfi a jikin wani ɗan tsinke, a soka tsinken a tsokar da ke gindin ƙayar bayan kifin yayin da yake gefen jirgi, a sake shi ya tafi.

A cikinta akwai batir, agogo, ma'ajiyar bayanai da ma'aunai guda uku. Ɗaya yana auna nauyin ruwan da ke danna ta, daga nan ake sanin zurfi. Ɗaya yana auna zafin ruwa. Na ukun yana auna haske. Tsawon watannin da take jikin kifin ba ta turo komai, rubutu kawai take yi tana ajiyewa. Idan ranar da aka saita mata ta cika, sai ta sakar wa wani ɗan ƙarfen da ke riƙe da ita lantarki kaɗan. A cikin ruwan gishiri wannan lantarki yana cinye ƙarfen cikin 'yan awanni, na'urar ta ɓalle, ta taso saman ruwa da eriyarta a sama.

Masu rubuta manhajarta sun yi tunanin ranar da abu zai ɓaci. Idan ta ga zurfi bai canza ba na 'yan kwanaki, ta san ɗayan biyu ne: ko kifin ya mutu yana kwance a ƙasan teku, ko ita ta riga ta cire tana yawo a sama. Sai ta ɓalle tun kafin wa'adinta ta fara turo abin da ta tara. Haka nan idan mushen yana nutsewa zuwa zurfin da zai iya fasa ta, akwai dabarar da ke raba ta da shi kafin a kai can.

Lissafin lokacin shan ruwa

A nan ne abin ya fi daɗi. Na'urar da ba ta da GPS, ta yaya ake sanin hanyar da kifin ya bi? Da rana ake sani, kuma duk wanda ya taɓa azumi a arewacin Najeriya ya riga ya san rabin lissafin.

Mutanen Maiduguri suna riga na Sakkwato shan ruwa da kusan rabin awa, alhali agogonsu ɗaya ne. Dalili shi ne duniya tana juya digiri 360 cikin awa 24, wato digiri 15 a awa ɗaya, ko digiri ɗaya duk minti huɗu. Tsakanin garuruwan biyu akwai kusan digiri takwas daga gabas zuwa yamma, takwas sau huɗu kuwa minti 32 ne. To a juya lissafin. Da za a rufe wa mutum ido a ajiye shi a wani gari da agogo mai kyau a hannunsa, lokacin da rana ta faɗi kaɗai zai iya gaya masa ko ya fi kusa da Borno ko da Sakkwato.

Abin da na'urar ke yi ke nan. Agogonta yana kan lokacin GMT. Kullum tana lura da lokacin da haske ya fara hauhawa da asuba da lokacin da ya dushe da magariba. Tsakiyar waɗannan biyun shi ne tsakar rana a inda kifin yake. Idan tsakar rana ta zo wajen ƙarfe 12 na GMT, kifin yana kusa da layin digiri sifili, layin da ya ratsa Greenwich a Ingila ya gangaro ya bi ta garin Tema a Ghana. Idan ta zo ƙarfe biyu, ya yi yamma da digiri 30, yana tsakiyar Atlantika. Akwai ɗan gyara da manhaja ke yi, domin tsakar rana tana gaba tana baya da kusan kwata na awa a cikin shekara, abin da ya sa lokacin azahar a jadawalin salla yake motsawa daga wata zuwa wata.

Kuskure kaɗan yana da tsada a wannan lissafi. Digiri ɗaya a kusa da tsakiyar duniya kusan kilomita 111 ne, don haka kuskuren minti ɗaya tak ya kai kilomita 28. Shi ya sa ake damuwa da ingancin agogon da ke ciki fiye da yadda mutum zai zata.

Wannan ya ba da gabas da yamma. Arewa da kudu fa? Tsawon yini ne ke nunawa. A watan Yuni, yinin Agadas ya fi na Legas tsawo da fiye da rabin awa, saboda Agadas ta fi nisa zuwa arewa. A Disamba abin ya juya. Idan an san kwanan wata aka kuma san awa nawa haske ya yi, ana iya ƙiyasta nisan wurin daga tsakiyar duniya. Sai dai wannan rabin lissafin ya fi rauni nesa ba kusa ba. Wajen 20 ga Maris da 23 ga Satumba, dare da rana sun kusa daidaita a ko'ina a duniya, yinin Agadas da na Legas duk ɗaya ne, don haka tsawon yini ba ya faɗin komai na tsawon makonni. Kuskuren arewa da kudu kan kai ɗaruruwan kilomita.

Shi kansa kifin ba ya taimakawa. Yakan nutse daidai lokacin fitowar rana, haske ya ragu kamar har yanzu dare ne. Gajimare da ruwa mai dauɗa su ma suna rage haske. Manhaja tana amfani da ma'aunin zurfi ta gyara wannan, amma akwai inda gyaran ke gazawa. Kifin takobi, misali, yakan wuni a can ƙasa inda duhu ya yi yawa, sai dare ya taso, don haka lissafin haske ya fi wahala a kansa.

Saboda haka ba a dogara da haske shi kaɗai. Ana haɗa shi da wasu shaidu a kwamfuta bayan bayanan sun iso. Idan na'urar ta ce zafin saman ruwa digiri 27 ne a ranar kaza, sai a ɗauko taswirar zafin teku ta wannan rana daga tauraron ɗan Adam, a soke duk inda ruwan ke digiri 20. Idan kifin ya nutse mita 600, a soke duk inda zurfin teku bai kai haka ba. Idan lissafin haske ya ce jiya yana nan yau kuma yana nisan kilomita 900, a ƙi yarda, domin babu kifin da ke wannan gudu. Sannan an san ainihin inda aka sake shi da inda na'urar ta taso. Ɗaya daga cikin hanyoyin lissafin da ake haɗa waɗannan da su ita ce matatar Kalman, dangin lissafin da ke sa ɗigon taswirar waya ya daina tsalle-tsalle idan mota na tafiya.

Abin da ke fitowa a ƙarshe yanki ne mai faɗi na kowace rana, inda aka fi zaton kifin yana ciki. Siririn layin nan mai kyau da ake nunawa a taswira hanyar da ta fi yiwuwa ce, kuma a gaskiya ya fi nuna tabbas fiye da abin da bayanan suka tabbatar. Ya isa a ce kifin ya tsallaka teku. Bai isa a ce ya kwana a bayan wane tsibiri ba.

Bayit 32 a kowane saƙo

Da na'urar ta taso, sai ta fara magana da tsarin taurari mai suna Argos, wanda Faransa da Amurka suka kafa tare a 1978 don tattara bayanan muhalli. Taurarinsa suna zagaya duniya ta kan dorayenta biyu a nisan kusan kilomita 850. Ba a tsaye suke wuri ɗaya ba. Tauraro yakan bayyana a sama na kusan minti goma ya wuce, sai a jira wani.

Na'urar ba ta san ko akwai tauraro a sama ko babu ba, kuma a tsarin da aka daɗe ana amfani da shi babu mai ce mata saƙo ya iso. Harbawa kawai take yi kusan kowane minti, wanda ya dace ya dace. Igiyar ruwa na iya rufe eriya a tsakiyar saƙo ya lalace. Kowane saƙo kuma bai wuce bayit 32 ba. Saƙon tes guda ɗaya na waya yana ɗaukar bayit 140, wato ya ninka shi fiye da sau huɗu. Hoto mai kilobayit 100 sai ya ci irin waɗannan saƙonni sama da 3,000.

A ɗauki misali. Idan na'ura tana auna zurfi duk daƙiƙa 15, a rana ɗaya ta rubuta lamba 5,760. A kwana 240 ta haura miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, kuma wannan na ma'auni ɗaya ne cikin uku. Batirin da ya rage mata ba zai wuce ya yi 'yan makonni yana harbi ba. Babu yadda za a yi duka su wuce ta wannan ƙaramar ƙofa.

Don haka taƙaitawa take yi kafin ta turo. A maimakon dubban lambobin zurfi, sai ta ce a wannan yini kifin ya yi kashi kaza na lokacinsa tsakanin sama da mita 10, kashi kaza tsakanin 10 da 50, haka har ƙasa. Daga cikin bayanan haske na yini guda, 'yan ɗigon asuba da na magariba kawai take zaɓa, tunda su ake bukata. Tana maimaita saƙonnin sau da yawa don wanda ya ɓata a karon farko ya samu wucewa a na biyu, kuma kowanne na ɗauke da 'yar lambar tantancewa da ke nuna ko ya lalace a hanya. Masu rubuta manhajar waya da ke cin megabayit 150 don kawai ta nuna lokutan salla suna da abin koyo a nan.

Inda na'urar ta taso kuwa, Argos ne ke gano shi ta tasirin Doppler. Kamar yadda jiniyar motar asibiti ke sirancewa idan tana tahowa ta kuma yi kauri idan ta wuce, haka siginar na'urar ke canzawa a kunnen tauraron da ke tahowa da gudu sannan ya wuce. Daga wannan canji ake lissafa wurin, kuma idan an dace kuskuren bai wuce 'yan ɗaruruwan mita ba.

To wa ke biya?

Kowace na'ura tana cin dubban daloli, kuma mafi yawansu ba a sake ganinsu. Ga kuɗin amfani da Argos, ga albashin wanda zai zauna ya tace bayanan. Wasu suna cirewa daga jikin kifin cikin 'yan kwanaki, wasu kuma ko uffan ba sa cewa har abada. Jami'a da ke da kuɗin na'ura goma ba ta da kuɗin hayar jirgi na makonni tana jiran marlin ya ciji ƙugiya.

A 2009, lokacin da gasar kamun marlin ta Kona a Hawaii ke cika shekara 50, aka fito da wata dabara tare da ɗakin binciken Farfesa Barbara Block ta Jami'ar Stanford. Aka ce wa masu gasar, kowace tawaga ko wani mai hali ya sayi na'ura ɗaya a maƙala wa kifin da aka kama. Bayan watanni, wanda na'urarsa ta taso a wuri mafi nisa daga inda aka sa ta, shi ya ci. Aka kira shi babban tseren marlin, kuma daga 2011 IGFA ta shiga ta kai shi gasanni a ƙasashe da dama. Tun a farkon tseren aka ga kifayen Hawaii suna gangarawa kudu, su tsallake tsakiyar duniya har zuwa yankin tsibiran Marquesas, tafiyar dubban kilomita.

Wayon da ke ciki a fili yake. Mutumin da ya kashe maƙudan kuɗi don ya fi abokinsa kama babban kifi, ba zai yi wuya ya ƙara wasu don kifinsa ya fi na abokin nisa ba. Jirgi nasu ne, mai nasu ne, su ne kuma suka iya kama kifin. Masani ya samu bayanai, mai fatsa ya samu abin alfahari da taswirar da zai nuna.

Akwai wasu hanyoyin masu kama da wannan. Gidauniyar The Billfish Foundation, da aka kafa a Amurka a 1986, tana tafiyar da shirin alamar roba da kuɗin mambobi da gudummawa. A jihar New South Wales ta Ostareliya, shirin sa wa manyan kifaye alama yana gudana tun 1973, kuma yanzu daga kuɗin lasisin da masu fatsa ke biya ake ɗaukar nauyinsa. Duk salon adashe ne: waɗanda abin ya dama su ke zubi.

Mai karatu da ya saba da manhajojin kyauta zai ce me ya hana a sa talla ta biya? Talla tana son jama'a masu yawa, masu wannan wasa kuwa 'yan tsiraru ne. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, kadarar mai kamun kifi ita ce wurin da ya san kifi yake. Kyaftin kan yi shekaru kafin ya gano tudun ƙarƙashin ruwa da tuna ke taruwa a kai, kuma da wannan sani yake cin abinci. Tsarin talla a waya ya ginu ne kan tattara bayanan mai amfani, ciki har da inda yake. Ba sai an yi mugun nufi ba ma kafin asiri ya tonu. A farkon 2018, taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa daga bayanan masu amfani da ita ta fito da fasalin sansanonin soja a wurare da dama, kawai don sojoji na gudu da agogo a hannu. Hoton waya ma yakan ɗauki lambobin wurin da aka ɗauke shi a ɓoye a cikin fayil ɗin, idan ba a kashe wannan a saitin kyamara ba. Mutanen da ke da irin wannan sirri sun fi sakin jiki su ba da bayanai ga shirin da suka san su ne ke biyan kuɗinsa, suka kuma san inda bayanan za su.

Abin da na'urar ta tona

Sakamakon bai zama mai daɗi ga masu wasan a kowane lokaci ba. A wani bincike da aka wallafa a 2005, masana daga cibiyar kimiyyar teku ta Virginia sun samu bayanai daga na'urorin da ke jikin farin marlin guda 40 da aka kama aka saki. Rabi an kama su da ƙugiyar da aka saba, mai siffar harafin J, rabi da ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe. Duk ashirin ɗin da aka kama da mai zobe sun rayu. Cikin ashirin na ƙugiyar da aka saba, bakwai sun mutu. Dalili shi ne kifin kan haɗiye ta ta soke shi a ciki, ita kuwa mai zobe zamewa take yi ta kama gefen baki. Ashe mutane suna sakin kifi suna tafa wa kansu, kusan ɗaya cikin uku yana mutuwa a bayansu. Daga 2008 Amurka ta wajabta ƙugiya mai zobe a gasannin marlin na Atlantika idan da mataccen kifi ko mai rai ake yaudarar.

A ɓangaren babban tuna da ake kira bulufin, wanda aka taɓa sayar da guda ɗaya mai kilo 278 a kan yen miliyan 333.6 a kasuwar Tokyo a Janairun 2019, hukumar ICCAT da ke raba kason kamun tuna a Atlantika ta daɗe da ja layi a digiri 45 yamma, tana lissafa na gabas daban na yamma daban. Bayanan na'urorin da tawagar Block ta wallafa a 2005 sun nuna akwai zuriya biyu, ɗaya tana haihuwa a mashigin tekun Meziko, ɗaya a Bahar Rum, amma wajen kiwo suna cakuɗuwa suna tsallake layin yadda suka ga dama. Ma'ana, kamun da ake yi a ɓangare ɗaya yana cin kifin ɗaya ɓangaren.

Wani lokaci kuma labarin da ke isowa na ban dariya ne da ban tausayi. Haske ya ɗauke ɗif na kwanaki, zafi ya haura ya tsaya wuri ɗaya duk da ana nutsewa ana tasowa, bayan nan na'urar ta bayyana a sama. Wani kifin shak ne ya haɗiye ta tare da mai ɗauke da ita, ta yi kwanaki tana auna zafin cikinsa kafin ya fitar da ita.

Tsarin karo-karo yana da nasa rauni, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Na'ura tana zuwa ne inda mai kuɗi ke zuwa hutu. Gaɓar Hawaii, Ostareliya da Amurka ta Tsakiya sun cika da layuka a taswira, wuraren da ba a gasa kuwa sun zama fili fetal, ko da kifin na da yawa a can. Sannan mai saya ya fi son a maƙala ta a jikin kifi ƙato mai lafiya wanda zai yi nisa ya ci masa tsere, alhali masani na bukatar ƙanana da waɗanda suka jigata su ma.

Mashigin tekun Gini, wanda Najeriya da Ghana da Kamaru ke bakinsa, yana cikin manyan wuraren tuna na Atlantika, kuma Tema babbar tashar sauke tuna ce. Najeriya da Ghana duk mambobin ICCAT ne. Babban aikin sa alama da ya taɓa wannan yanki bai fito daga aljihun masu wasa ba. Shiri ne na ICCAT da Tarayyar Turai ta ɗauki mafi yawan nauyinsa daga 2015, wanda ya sa wa tuna sama da 100,000 alama a faɗin Atlantika, mafi yawansu alamar roba, tare da tukwici ga masunta da 'yan dakon tashar da suka dawo da ita.

Na'urar da ta gama aikinta ba ta nutsewa. Igiyar ruwa kan kai wasu gaɓa bayan watanni, batir ya mutu, gansakuka ta lulluɓe su. A jikin kowace akwai lamba da adireshin da za a tuntuɓa, kuma masu bincike kan ba da lada ga wanda ya tsinta, saboda abin da ta turo ta tauraro taƙaitawa ce kawai. Cikakken rubutun, daƙiƙa bayan daƙiƙa na duk watannin da ta yi a bayan kifin, yana nan a ma'ajiyarta, kuma sai an riƙe ta a hannu an jona ta da kwamfuta ake iya karanta shi.